Ɗan Saƙo a Katkat ɗin Malam

Motar tana bayan ɗakinmu a unguwar PK8, tsakanin makewayi da bishiyar mangwaro, kuma wari take yi. Ba warin mai ba, wannan na saba da shi. Wari ne na kujerar da ruwa ya jiƙa ta bushe ya sake jiƙa ta, da fitsarin ɓera, da ruɓaɓɓen mangwaron da yake faɗowa ya maƙale a ƙarfen ɗaukar kaya na sama. A Libreville ruwan sama ba ya shawara da kowa, iskar teku kuma tana cin ƙarfe ko an lulluɓe shi da tamfol. Kajin maƙwabciyata sun mai da ƙarƙashinta gidansu. In na fito shara da safe kau da kai nake yi.

Katkat muke ce wa irinta, doguwar mota mai tsayi wadda ƙafafunta huɗu duk suke ja. Ta mijina ce, Malam. Ya daɗe yana tuƙa wa wani nasara ita, mai kai baƙi cikin kurmi su ga giwaye da birai, su kwana a tanti, sauro ya yi musu kaca-kaca, su dawo suna murna. Ni dai har yau ban gane wannan yawo ba. Da nasaran zai koma ƙasarsu sai ya bar wa Malam motar, shi kuma ya ci gaba da kai 'yan kasuwa da kayansu garuruwan cikin daji, ni ina sayar da tuwo da shinkafa a bakin titi, direbobin taksi ne masu ci. 'Ya'yanmu mun riga mun tura su gida Tasawa wurin kakarsu saboda karatu. Muna zamanmu, ba yabo ba fallasa.

Sai ciwo ya faɗa wa Malam. Yana alwalar la'asar buta ta suɓuce daga hannunsa, shi ke nan. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, baki ya karkace, maganarsa ta zama sai ni da ƙanensa muke gane ta. Abin da ya fi ba shi wahala shi ne zama. In aka zaunar da shi ba a jimawa sai ya zame gefe, wuya ya lanƙwashe, yawu ya shaƙe shi, ya yi ta tari har ido ya yi jawur. A kwance kaɗai yake samun sauƙi, a kan ɓarin dama, da matashi a bayansa. Tun ranar da ya faɗi ba wanda ya ƙara tayar da katkat.

A shekarar ne aka karya darajar kuɗin sefa. Maganin Malam ya ninka, shinkafa ta ninka, kayan gyaran mota kuwa, da yake duk daga waje ake kawo su, ba a ma magana. Ba mu gama farfaɗowa ba aka shiga shela a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da sejur, wato takardar izinin zama, ya nemi hanyar ƙasarsu kafin wa'adi ya cika. Ta Malam ta mutu yana kwance, ni kuwa dama a inuwar tasa nake. Masu kaki suka fara tare taksi a mararraba suna sauke mutane da ganin fuska da jin harshe. Maƙwabtan da muke gaisawa kullum suka koma tambayata yaushe za mu tashi. Mai kajin nan har ɗakina ta shigo wai duba Malam, amma firijina take ta aunawa da ido.

Yawancin mutanenmu jirgin ruwa suka nufa. Na je tashar Owendo na gani da idona. Mutane a tsugune, rana ta doke su ruwa ya doke su, kowa da abin da hannunsa zai iya ɗauka, sauran kaya a bar su nan. A cikin jirgin ma wurin zama sai mai ƙarfi. Na dawo na ce wa ƙanen Malam in muka sa yayansa a wannan jirgi, a teku za a jefa shi. Saura hanyar ƙasa, a bi ta Ndjolé da Oyem a shiga Kamaru, a haura arewa har gida. Kuma dole Malam ya yi tafiyar a kwance. Duk abin da nake nema a duniya lokacin bai wuce wannan ba, wurin da mutum ɗaya zai miƙe ƙafa har mu kai shi wurin 'ya'yansa.

Ƙanen Malam direban taksi ne, yana taɓa kanikanci, yana zaune a unguwar Nombakélé. Wasa ne tsakaninmu tun ina amarya, shi ya ce mini matata, ni in ce masa malalaci. Shi na sa ya zo ya duba motar. Yana ɗaga murfin inji ɓera ya yi tsalle ya bi ta kan ƙafarsa.

Ya ce, "Matata, ashe kuna da 'yan haya ba ki faɗa mini ba."

Na ce, "Malalaci, bar surutu. Za ta tashi ko ba za ta tashi ba?"

Ya shiga ƙarƙashi ya daɗe, ya fito da kashin kaji har a ƙeya. Ya ce shasinta garau yake, irin ƙarfen da ba a ƙara yi. Amma ruwa ya shiga inji, sai an buɗe shi. Lagireto ya ɓule, batir ya mutu, tayoyi sun tsattsage, birki ya kama tsatsa, sifirin na baya ya kwanta. Na ce to me ya rage, ƙaho? Ya danna, shi ma shiru.

Ana haka wani ɗan kasuwa mutumin Garwa, mai shago a unguwar Nzeng-Ayong, ya ji labari ya zo. Shi takardunsa a cike suke, ba inda za shi. Yana da wata ƙaramar farar mota mai rufaffen baya wadda yake rarraba burodi da ita, lafiyarta ƙalau. Ya ce mu yi musaya, ya ɗauki katkat yadda take da firijina da rumfar tuwo, ya ba mu ta burodi mu kama hanya ko gobe. Na ɗauki tabarmar Malam na je na shimfiɗa a bayanta. Ta shiga daidai, da ɗan wurin da zan takure kusa da kansa. Ban da wannan ko kwando ba zai shiga ba. Cikinta ƙamshin burodi yake yi. Wallahi nan take na ji ta kwanta mini a rai.

Ƙanen Malam ya ce sam. Wai manyan motocin dakon gungume sun lalata hanya, ga damina, wannan 'yar kwalin kafin Oyem za ta nutse a taɓo har ƙofa.

Na ce, "In ta kafe a tura."

Ya ce, "Wa zai tura? Ke ko Yaya?"

Na ce masa katkat ɗin da yake yabo ko ƙofar gida ba ta iya kai kanta. Ya ce in aka gyara ta har Makka za ta je. Na ce da me za a gyara, da baki? Muka yi ta ja a kan Malam yana kwance yana bin mu da ido. Can sai ya buga tabarma da hannunsa mai lafiya. Ya tattaro bakinsa da ƙyar ya ce, "Katkat."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum cokali ya gagare shi, amma ya iya zaɓen mota. Na fita bayan ɗaki na tsaya ina kallon ruɓaɓɓiyar aba, na ji kamar in cinna mata wuta kowa ya huta. Amma motarsa ce, shi ya san hanyar, shi kuma za a kwantar a ciki. Na aika wa mutumin Garwa cewa mun gode.

Akwai wani Alhaji, dattijon mutanenmu a can, mai shagon atamfa a kasuwar Mont-Bouët. In suna ne shi ne gaba, in jana'iza ce shi ne gaba. Ya zo gaishe da Malam ya tarar da mu cikin wannan tunani. Ya saurara, ya shafa gemu, ya ce, "Haba, matar Malam, to jama'a me suke yi? Ki bar wannan a hannuna." Ranar Juma'a bayan salla ya yi wa mutane magana. Kafin in ankara kaya suka fara zuwa. Wani mai taksi ya kawo batir. Mai sayar da tsofaffin tayoyi ya kawo masu dama-dama. Wani ya kawo lagireto, wani ganyen sifirin, wani bakanike ya ce aikin inji ya ɗauka don Allah. A lokacin da mutum yake ɓoye ƙusa don tsada, ga mutane suna sallama da kayan mota a kafaɗa.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Kowa ya zo sai na durƙusa na yi masa addu'a har iyayensa. Na riƙa dafa musu shinkafa da wake suna aiki. Mutumin Garwa da ya biyo ta wurin ya ja ni gefe ya ce, "Ki tambaye su tun yanzu me kowa yake so." Na ce masa don bai samu firiji ba ne yake ɓata mutane, ya yi murmushi ya tafi.

Wankin ciki ni na yi, kuma ba na fatan maƙiyina ya yi irinsa. Muka cire kujerun baya, ƙarƙashinsu kyankyasai suka watse har cikin zanena. A tankin ruwan da nasara yake sha na tarar da mataccen ɓera ya kumbura, gashinsa ya saɓe. Sai da na yi amai a gindin mangwaro, na kurkure baki na koma. Na goge daɓen da toka da sabulu, na zuba ruwan zafi, na turara. Ƙanen Malam ya shimfiɗa katako ya ɗaure shi, na ɗora katifa, na ɗinka labule don rana, na rataya buta da gorar ruwa inda hannun dama zai kai. Na shiga na kwanta da kaina na gwada. Mutum zai miƙe sosai, har ya juya.

Ranar da injin ya tashi hayaƙi ya cika unguwa, kaji suka tarwatse. Daga cikin ɗaki na ji wani sauti na ruga a guje, na ɗauka shaƙewa ce. Ashe dariya Malam yake yi da rabin bakinsa. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ya faɗi.

Washegari matar mai batir ta yi sallama da ɗan ƙunshi a hannu. Ta ce, "Yaya, ɗan saƙo ne, ki taimaka ki miƙa wa innarmu a Maradi." Turmin zane ne da sabulu. Na karɓa da hannu biyu. Ai ba a tafiya gida hannu rabbana, ni ma nawa saƙon wasu suka sha kaiwa. Wannan ba abin magana ba ne a wurinmu, kunya ma mutum zai ji a ce ya tafi bai ɗaukar wa kowa komai ba.

Da yamma mai tayoyi ya zo, shi ma ɗan saƙo. Nasa keken ɗinki ne da teburinsa. Mai lagireto ɗan saƙonsa janareta. Bakanike ya turo akwatin ƙarfe cike da kayan aiki, ƙarti suka sha wahala kafin su ɗaga shi. Aka kawo injin markaɗe, aka kawo kwanukan samira a buhu, aka kawo fanka mai tsayuwa. Alhaji ya aiko da dilolin atamfa a taksi. Duk wanda ya shigo da wannan kalma yake shigowa, ɗan saƙo, yana ƙanƙantar da murya yana sunkuyar da kai, bayansa kuwa mutum ne yake nishi da kaya a ka. Tun ina amsa sallama har na koma in na ji ta gabana ya faɗi.

Na san abin da yake damunsu. Su ma korar ta shafe su, jirgi za su bi, jirgi kuma ba ya ɗaukar janareta. Abin da mutum ya tara da gumi zai bar wa maƙwabcin da yake jiran tashinsa. Katkat ɗin Malam ce kaɗai abin da zai bi ƙasa daga unguwarmu. Duk na gane wannan, amma ganewa ba ta hana ni jin ƙyama ba. Da sun faɗa tun ranar da suka kawo kayansu, da an yi ciniki a fili, in ce na yarda ko ban yarda ba. Sai suka bar ni ina durƙuso ina sa wa iyayensu albarka.

Kuma ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce ni na ba da kaza. Sun fi haka wayo. In ƙanen Malam ya fara cewa wuri ya cika, sai mutum ya taka a hankali ya tsaya kusa da tayar da ya kawo, ya ɗan buga ta da ƙafa, ya ce, "Tana nan da kyau ko?" Shi ke nan, ƙanen Malam ya haɗiye maganarsa ya nemo igiya. Ashe watanda aka yi da motar mijina ban sani ba, kowa ya san kashinsa.

Saman mota ya cika ya yi tozo. Na ce wa ƙanen Malam su ɗora har sama ta bakwai in suna so, amma katifar nan kada wanda ya taɓa ta. Ya rantse mini.

Ranar tafiya bayan asuba na shiga yi wa Malam wanka. Aiki ne mai cin lokaci, a juya shi, a goge shi, a shafa masa mai, a sa masa riga hannu ɗaya bayan ɗaya. Na sa masa farar rigarsa ta Juma'a da hula. Ina jin hayaniyar 'yan rakiya a waje, na ɗauka ban kwana ne. Da na fito da matashinsa a hannu sai na ga katifa a can ƙololuwar kaya, an naɗe ta an ɗaure da igiya. Na buɗe ƙofar baya. Kaya ne tun daga daɓe har rufi, ko kyanwa ba za ta samu wurin shiga ba. Butar da na rataya ma an cire ta an ajiye a ƙasa.

Na dubi ƙanen Malam. Ya sunkuyar da kai yana murza tsumma a hannu. Ko malalaci ban ce masa ba.

Na juya wurin Alhaji na ce, "Baba Alhaji, ina Malam zai kwanta?"

Ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, matar Malam. Kujerar gaba ai ta fi laushi. Baya jijjiga gare shi, mun duba masa ne."

Na ce, "Ba ya iya zama. Kun gani da idonku, kullum kuna zuwa gaishe shi."

Ya ce, "Allah zai kawo sauƙi."

Na kama buhun samira na fizgo shi ya faɗo ƙasa da ƙara. Na kama fanka na jefar. Na sa hannu a kan akwatin bakanike, ya fi ƙarfina, na yi ta ja ina haki. Mata suka fara salati. Sai na ga mai batir ya ratsa mutane ba gaggawa, ya je gaban mota ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin inji. Bai buɗe ba, ya dai tsaya yana kallon sama. Mai tayoyi shi ma ya matsa kusa da nasa.

Alhaji ya ce, "Ba a gorin alheri, kuma ba wanda zai yi. Amma a duba halin da jama'a take ciki. Wa'adi ya ƙarato, in aka tsaya sake neman wasu kayan gyara ban san yaushe za ku tashi ba."

Tir. Dattijo da furfura da carbi a hannu. Na ji bakina ya cika da yawu mai ɗaci, na rasa inda zan tofar.

A nan ne aka fito da Malam, mutum biyu sun tallabo shi. Ya dubi bayan motar, ya ɗaga ido ya ga katifa, ya dubi mai batir da hannunsa a kan murfi. Duk ya gane, ciwon bai taɓa masa hankali ba. Ya kira ni da ido na matso.

Ya ce, "Zaunar da ni."

Na ce, "Malam, ba za ka iya ba."

Ya ce, "Zaunar da ni. Mu tafi."

Aka sa shi a kujerar gaba ta bakin ƙofa. Ana sakinsa ya zame. Na kwance zanen da na yafa, na zagaya shi ta ƙirjinsa da bayan kujera na ƙulle, na cusa matashi a gefen wuyansa. Da hannuna na ɗaure mijina a cikin motarsa, mutane suna tsaye suna cewa Allah ya kiyaye hanya. Aka mai da samira da fanka inda suke. Na shiga tsakiya, ƙanen Malam ya hau ya tayar da inji.

Har mun fara motsi Alhaji ya ɗaga hannu. Wani ya miƙo masa kwali, Alhajin ya zo taga da shi yana murmushi. Wai tangaran ne na kayan ɗakin 'yarsa da za a aurar, a kai wa ƙanwarsa a Tasawa, ba ya son a danne shi. Ya leƙa ciki ya duba, ya ce, "Yauwa, tunda Malam zaune yake." Ya ɗora kwalin a kan cinyar Malam. Na buɗe baki, amma Malam ya riga ni. Ya ɗago hannunsa mai lafiya ya dafa kwalin.

Muna wuce gadar Kango na ce wa ƙanen Malam ya tsaya. Ya tsaya ba musu. Na ce yanzu ba mai ganinmu, ya sauko mu zubar da rabin kayan nan a kwari, mu sauko da katifa. In sun tambaya a ce ɓarayi ne, a ce masu kaki ne, a ce abin da aka ga dama. Ya ce to, har ya buɗe ƙofarsa. Zan bi shi ke nan na ji an riƙe ni. Malam ne ya saki kwalin ya damƙi gefen rigata. Yawu yana zuba a farar rigarsa, numfashinsa yana ƙara. Ya ce, "Amana."

Na ce, "Su sun riƙe taka?"

Ya sake cewa, "Amana." Bai saki rigata ba sai da ƙanensa ya rufe ƙofa ya sa giya.

Gaskiya ɗaya zan ba malalacin nan, motar burodi ba za ta wuce taɓon da muka tarar kafin Oyem ba. Katkat ta shiga har gindi ta fita tana gurnani, da duk wannan lodi a kanta. Amma kowane rami a jikin Malam yake ƙarewa. Hannuna ɗaya yana tallabe da kansa, ɗaya yana share masa baki. In tari ya kama shi mu tsaya, in kwance zane, mu shimfiɗa shi a bakin hanya a kan tabarma har ya dawo daidai, mu sake ɗaure shi. A kowane shinge masu kaki sai sun ce a sauke kaya su gani, su bi janareta da atamfa da ido suna neman abin da zai maƙale a hannunsu, shi kuwa yana ɗaure cikin rana ba mai ko tambayar lafiyarsa. Kafin mu fita Kamaru zaman ya ci masa fata, wandonsa ya manne da miki. In na zo cire masa sai na jiƙa da ruwa tukuna, yana cije leɓe. Duk da haka in aka mai da shi kujera, kwalin nan yake fara nema.

Mun isa. Ya ga 'ya'yansa, sun kewaye shi, ya shafa kan kowa da hannu ɗaya. Amma mikin ya zama gyambo, bayansa kuma ya riƙe. Da a Libreville akan jingina shi ya ɗan sha koko a zaune. Daga ranar da muka sauke shi daga katkat bai ƙara zama ba, ko na minti ɗaya. Kayan mutane kuwa duk sun isa, ƙanensa ya bi gari gari ya miƙa wa kowa nasa, ko ƙusa ba ta ɓata ba.

Ƙanwar Alhaji da kanta ta zo karɓar nata. Ta shigo ɗakin da Malam yake kwance, warin gyambo ya sa ta ja mayafi ta toshe hanci, ta ce sannu da hanya, ya jiki. Na turo mata kwalin. A nan gabansa ta zauna ta buɗe, ta riƙa fito da farantan ɗaya ɗaya tana ɗaga su wajen haske. Can ta tsaya a kan wani, ta bi shi da farce.

Ta ce, "Wannan ya tsage. Ba a ce muku a bi shi a hankali ba?"

Sai na ji Malam yana motsi. Na sunkuya na kai kunne. Ya daɗe yana haɗa maganar, sannan ya ce, "Ba ta haƙuri."

Matar ta ce, "Me yake cewa?"

Na ce, "Cewa ya yi ki kwashi kayanki ki fita."